Ganuwar Kano a Landan, Soron Jenne a Faris, Yaɓe Kuma a Matamaye

Kimanin shekara 100 da suka wuce, Turawa sun kwaikwayi gine-ginen ƙasa na Afirka ta Yamma a manyan bukukuwansu na baje koli, miliyoyin mutane suka biya kuɗi suka kalla. Yau ga na ainihin suna zubewa a gida, damina bayan damina. Me kwaikwayon ya adana, me kuma ya bari a baya?

Kafin hadari ya taso

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Takeita, ta ratsa Kance da Matamaye, ta nufi Ɗan Barto da Daura, in dai a ƙarshen bazara ne, zai ga aiki iri biyu. A bakin kwalta zai ga bulon siminti an jera ana ba shi ruwa, ga bandir-bandir na kwano a ƙofar kantuna. In kuwa ya kutsa cikin lungunan tsohon gari, zai tarar an kwaɓa jar ƙasa da ciyawa an bar ta ta kwana, magini yana bisa tsani, yaro yana jefa masa curi, ana toshe tsagar da rani ya buɗe, ana gyara indararo tun hadarin farko bai taso daga gabas ba. Wannan shi ne yaɓe, kuma da shi ginin ƙasa yake rayuwa. Soron da yake samun yaɓe a kan kari yakan ga jikoki har da tattaɓa-kunne. Wanda aka yi wa sakaci damina uku ko huɗu, sai ya fara komawa inda ya fito.

Mutanen jihar Damagaram sun ga haka da idonsu. Ranar 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin unguwar Birni ta Zinder, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. A daminar nan ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin Nijar, ta kuma shafi fiye da mutum miliyan guda. Shekara guda kafin haka, ranar 11 ga Agusta na 2023, wani ɓangare na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Dukansu biyu ginin ƙasa ne, dukansu biyu kuma suna cikin abubuwan da ƙasar Hausa take tunƙaho da su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, irin waɗannan gine-gine sun taɓa yin tafiya ƙetare. An taɓa tayar da ganuwar Kano a bayan birnin Landan, an kuma taɓa tayar da soraye irin na Jenne da Tumbuktu a wani daji na gefen birnin Faris. Labarin yadda aka yi haka yana da amfani ga duk wanda yake da tsohon zaure a gidansu, yana tunanin ko ya gyara shi ko ya rushe.

Kasuwar da ake baje ƙasashe

A Landan aka yi baje kolin duniya na farko, cikin 1851, a wani makeken gini na ƙarfe da gilashi. Manufar ita ce kowace ƙasa ta nuna injunanta da hajarta. Ba a jima ba masu shirya irin wannan biki suka gane cewa jama'a sun fi rububin kallon baƙin wurare da baƙin mutane a kan kallon inji. Sai aka shiga gina musu kwaikwayon garuruwan nesa.

A baje kolin Faris na 1889, wanda aka yi wa hasumiyar Eiffel, an gina lungu sukutum aka sa masa suna Titin Alƙahira. An kwaso tsofaffin tagogin katako daga gidajen da aka rushe a Masar, an kawo jakuna da masu korarsu, har bango ma da gangan aka ɓata shi don ya yi kama da tsoho. Akwai masallaci da hasumiyarsa, amma fuska ce kawai. Wanda ya shiga ƙofar sai ya tarar da gidan shan gahawa da masu rawa. Wasu malaman Masar da suka ratsa Faris a shekarar, kan hanyarsu ta zuwa wani taro a ƙasar Suwidin, sun ga wurin, ransu kuwa ya ɓaci ƙwarai. Daga wannan titi aka sami ƙa'idar da aka bi har wajen shekara 50: a ɗauki fuskar gini, a bar cikinsa.

Ganuwar da aka fasa, aka kuma kwaikwaya

A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka harbi ƙofar Kano da igwa, suka shiga birnin. Ganuwar da suka tarar an fara ta ne tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen ƙarni na 12, sarakunan da suka biyo baya suka yi ta faɗaɗa ta. Shekara 21 bayan haka, ranar 23 ga Afrilu na 1924, Sarkin Ingila Joji na 5 ya buɗe baje kolin daularsa a Wembley, unguwar da matasan yau suka sani saboda filin ƙwallo. Filin na farko ma domin wannan biki aka gina shi.

Sashen Afirka ta Yamma an yi shi ne da siffar birni mai ganuwa irin na Kano, da jan bango da manyan ƙofofi. A cikin ganuwar aka sa rumfunan Najeriya da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau, ko da yake biyun nan na ƙarshe ba su da alaƙa da irin wannan gini. A ciki kuma aka zaunar da masu sana'ar da aka ɗauko daga Afirka, masaƙa da dukawa da maƙera, suna aikinsu ƴan kallo na leƙe. Mutum miliyan 27 suka shiga baje kolin a 1924 da 1925. Cikin manyan baƙin da suka ziyarce shi har da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya fito daga birni mai ganuwa ta gaske ya je ya ga ta kwaikwayo.

Ɗan kasuwa zai fi kowa saurin gane abin da ake ciki. Bayan an wuce ƙofar ganuwar, abin da aka baje shi ne gyaɗa da auduga da fata da ƙiraga da manja da koko da kuza. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, cinikin gyaɗa ya kankama, har amfanin gonakin kudancin Damagaram ta Kano yake bi ya kai bakin teku. Ganuwar dai marufi ce, hajar da ake talla tana ciki.

Ɗaliban Afirka da suke karatu a Landan ba su yi shiru ba. Yadda wasu jaridun Ingila suka riƙa ba'a da mazauna cikin ganuwar ya sa suka rubuta takardun ƙorafi, a gabansu kuwa akwai wani ɗalibin shari'a daga Najeriya, Ladipo Solanke. A watan Agusta na 1925 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, wadda daga baya ta zama matattarar masu neman ƴancin kai. Wato bangon kwaikwayo ya haifi abin da maginansa ba su yi zato ba.

Fada guda ga ƙasashe takwas

Faransawa sun yi nasu a Marseille cikin 1906 da 1922, amma babban shi ne na dajin Vincennes, a gabashin Faris. Shugaban ƙasa Gaston Doumergue ya buɗe shi ranar 6 ga Mayu na 1931, aka rufe ranar 15 ga Nuwamba. Mareshal Lyautey ne ya jagoranci shirin. Filin ya kai hekta 110, an sayar da tikiti miliyan 33, an kuma ƙiyasta cewa mutum miliyan 8 ne suka shiga, wasunsu sau da yawa. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne kwaikwayon ɗakin ibadar Angkor na ƙasar Kambojiya. Kusa da shi kuma ga fadar Afirka ta Yamma ta Faransa, wato AOF.

Masu zanen gini biyu, Olivier da Lambert, su suka tsara wannan fada. Sun yi mata jan bango da ginshiƙai masu tsini, da itatuwa da suka fito daga jikin bango, da hasumiya mai tsawon mita 45. Don mai karatu ya kwatanta, hasumiyar masallacin Agadas, wadda duniya take mamakin tsawonta, mita 27 ce. Babu wani gari a Afirka da yake da fada irin wannan. An tsinto ƙofa daga nan, ginshiƙi daga can, galibi daga Jenne da Tumbuktu, aka haɗa, aka kumbura. Ƙasashe takwas aka cusa ƙarƙashin wannan fuska guda: Senegal, Muritaniya, Sudan ta Faransa wadda ita ce Mali a yau, Gini, Kodebuwa, Haute-Volta, Dahome da Nijar. Bature ɗan kallo ya koma gida da tunanin cewa daga Dakar har tafkin Cadi gini iri ɗaya ake yi. Zankon Hausa da dagi da bakan gizo, da adon bangon Birni da Zango na Zinder, garin da shi ne babban birnin Nijar har 1926, ba su ne aka zaɓa su zama fuskar yankin ba.

Akwai kuma abin da fadar ta rufe. A wannan shekara ta 1931, fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, yunwa ta kashe dubban mutane a ƙasar Zabarmawa, garuruwa suka watse, alhali ba a sassauta karɓar haraji a kan lokaci ba. Ana kallon jan soro a Faris, ana haƙa gidan tururuwa a Nijar don neman tsaba.

Da aka rufe baje kolin, sai aka rushe kusan kome. Abin da ya saura shi ne gidan tarihi na Porte Dorée, wanda tun 2007 ya koma gidan tarihin baƙin da suka yi ƙaura zuwa Faransa, sai kuma rumfar Kamaru da Togo, wadda mabiya addinin Buda suka mayar wurin ibadarsu. Fadar AOF kuwa wata shida ta yi a duniya.

Abin da filasta ba ta ɗauka

Dalilin da ya sa aka iya tayar da hasumiyar mita 45 cikin ƴan watanni, aka kuma kwance ta cikin ƴan makonni, shi ne ba da ƙasa aka yi ta ba. Ƙashin ginin katako ne da ƙarfe, aka lulluɓe shi da filasta, aka shafa jan fenti. Itatuwan da suka fito daga bango ado ne kurum. A Jenne kuwa a kansu magina suke takawa ranar yaɓe.

Ginin Hausa na ainihi ilmi ne da ake gada. Magini yana farawa da sanin ramin da za a ɗebo ƙasa, domin ba kowace ƙasa take yin gini ba. A kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta kwanaki, sa'an nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Bango yakan fara da kauri a ƙasa, ya riƙa sirancewa yana hawa, don nauyi ya zauna a gindi. Rufi kuwa da azara ake yi, wato tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika damunsa ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar mita 2, shi ya sa talakan ɗaki yake da ƙunci. Gwanintar magina ita ce yadda suka shawo kan wannan iyaka. Sukan ɗaure azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, daga bangon nan da bangon can, har su haɗu a sama, a lulluɓe su da ƙasa. Shi ne bakan gizo. In aka gicciya bakan gizo da yawa sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa bisa zauren da zai ɗauki jama'a.

Maganin ruwa ma a gida ake haɗa shi. Makuba daga kwasfar ɗorawa take fitowa, ita take ba bango duhun ja da santsi. Laso kuwa da katsin marina ake yinsa, a haɗa da gashin majema da ruwan dafara, a shafe rufi da shi. Mai karatu ya lura: gini guda ya haɗa manomi da marini da majemi da mai saran giginya da magini. In marina ta mutu, katsi ya ɓace. In aka sare ɗorawa, makuba ta yi wuya. Bisa duk wannan akwai Sarkin Magina, wanda yake raba aiki, yake sasanta rigima, yake kuma shaida cewa yaro ya ƙware.

Zaure kansa yana da aikin da yake yi. A nan mai gida yake karɓar baƙo ba tare da baƙon ya ga cikin gida ba, a nan ake ɗaurin aure da raɗin suna, a nan almajirai suke karatu, a nan ake ƙulla ciniki. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, wanda ya fito daga ɗakin kwano ya shiga soro ya san bambancin a jikinsa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da filastar Vincennes ta ɗauka.

Kwaikwayo ya dawo gida

Abin mamaki shi ne, fadar da aka rushe ba ta mutu ba. Ta rayu cikin hotuna da katunan gaisuwa da littattafan makaranta, har tambarin wasiƙa aka buga na baje kolin 1931 da sunan Nijar a jiki. Salon da aka yi ta gwadawa a Marseille da Faris kuma ya sami gindin zama a Afirka, wannan karo da siminti. Gwamnatin mulkin mallaka ta gina tashoshi da kasuwanni da ofisoshi masu ginshiƙai da tsini irin na Jenne, kamar tashar jirgin ƙasa ta Bobo-Julaso, inda jirgi ya isa a 1934, da babbar kasuwar Bamako, wadda ta ƙone a 1993. Yau mutanen waɗannan garuruwa suna ɗaukar gine-ginen a matsayin gadonsu, kuma suna da gaskiya, tun da a cikinsu kakanninsu suka yi fatauci.

Sai dai wannan ya koya wa idanu wata ɗabi'a. Aka saba ganin gargajiya a matsayin ado da ake mannawa a fuskar gini. Har yau in za a gina ƙofar gari, ko otal, ko dandalin biki, sai a zuba bulo, a ɗora zankon siminti a kusurwa, a zana dagi da fenti, a ce an raya al'ada. Ba laifi ba ne, ya fi babu. Amma ƙa'idar Titin Alƙahira ce ta 1889 ake bi, bambancin kawai yanzu masu gidan ne suke yi wa kansu. Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Inda kwafi ya yi rana

Ba a ce kowane kwafi yaudara ne ba. A garin Jos na Najeriya akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, wanda wani masani ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya assasa a shekarun 1970, bayan ya daɗe yana auna gine-ginen ƙasar yana zana su. A can aka gina kwafin wani sashe na ganuwar Kano, da na fadar Katsina, da na masallacin Zariya, da girmansu na ainihi, da ƙasa, da hannun magina. Masallacin Zariya aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. A shekarun 1970 an rushe wasu sassansa na waje, an kewaye sauran da sabon ginin siminti. Saboda haka wanda yake son ya ga cikakken tsarin da Babban Gwani ya yi, awon Dmochowski da kwafin Jos su ne madogararsa. Kwafin ma dai ƙasa ne, shi ma yaɓe yake jira.

A Yamai, gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda jama'a suke kira Mize, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama, ya ɗauki dabarar baje koli ya juya ta. An gina rumfunan nuni da ado irin na Hausa, an tayar da gidajen Hausawa da Zabarmawa da bukkokin Fulani da tantunan Abzinawa, an zaunar da masu sana'a suna aiki suna sayarwa. Siffar kusan ɗaya ce da ta Wembley, amma ƴan kallon ƴan ƙasa ne. Yaron Yamai da bai taɓa zuwa gabas ba a nan yake fara ganin soron Damagaram.

A 2003 kuma, a wani bikin al'adu da aka yi a birnin Washington na Amurka, maginan Jenne da kansu suka je suka kwaɓa ƙasa, suka gina ƙofa irin ta garinsu jama'a na kallo. A 1931 an kai fuskar Jenne ba a kai magini ba. A 2003 magini aka kai, fuskar ta fito daga hannunsa. Da wannan ake auna kowane kwafi: wa ya gina shi, da me, don wa, kuma wa ya koyi sana'a wajen ginin.

Hannun bai mutu ba

Nijar tana da shaidar cewa ginin ƙasa bai zama labari ba. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a a 1962, jama'ar gari suna kawo ƙasa da ruwa da itace. Daga baya ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, ya ƙara hasumiyoyi huɗu, kowace da siffarta. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin gini na duniya. Bai kwaikwayi kowa ba, bai kuma fita daga gadon da ya tarar ba.

A Dandaji, ita ma cikin jihar Tawa, da jama'a suka bukaci sabon masallaci, masu zanen gini Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun gina shi da bulon ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. An gama aikin a 2018. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na hukumar UNESCO a 2013. Unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram kuwa an sa su cikin jerin ƴan jira tun 2006. Amma takardar UNESCO ba ta tare ruwa. A Jenne, wadda ta shiga jerin tun 1988, abin da yake tsare masallacin da aka gina a 1907 shi ne ranar da gari duka yake fitowa yaɓe, shekara bayan shekara.

Saura Matamaye

Wanda ya bar ginin ƙasa ya koma bulo yana da hujjarsa, bai kamata a raina ta ba. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Yaɓe kuɗi ne da wahala kowace shekara, matasan da suke yinsa kuwa da yawa suna ci-rani. Ruwan sama yakan zo da ƙarfi, kuma in bango ya faɗi da dare, rai yake ɗauka. Sai dai mafi yawan bangon da yake faɗuwa, ta gindi ruwa yake cinsa, saboda toshewar magudana da rashin tushe mai ƙarfi, ko ta sama, saboda indararon da ba a gyara ba. Akwai kuma kuskuren da ya yawaita, na shafa siminti bisa bangon ƙasa. Simintin yakan hana danshi fita, ƙasar ta riƙa ruɓewa a ɓoye, rana ɗaya ɓawon ya ɓalle da rabin bango. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Tarihi ya nuna cewa kuɗin fatauci ne ya ƙawata bangon ƙasar Hausa. A zamanin gyaɗa, lokacin da Matamaye take da masana'antar matsar mai, manoma suna dakon kaka da buhuna, attajirin da ya sami riba a ƙofar gidansa ake gani. Shi yake kiran gwani ya zana masa dagi da takobi, daga baya har da keke da mota da jirgin sama. Attajirin yau da zai sake ginin gidan gado yana da ikon ya yi cikin gida da bulo, ya bar zauren kakansa tsaye, ya yi masa tushen dutse da magudana, ya ware abin yaɓe kamar yadda yake ware kuɗin gyaran mota.

Ma'aikacin gwamnati shi ma yana da nasa rabon. Ofishin magajin gari yana iya ƙidaya tsofaffin zauruka da masallatai na Matamaye da Kance da ƙauyukansu, a auna su, a ɗauki hotonsu ciki da waje, a rubuta sunan wanda ya gina kowane tun masu tunawa suna raye. Ana iya sa layin yaɓe cikin kasafin shekara. In za a ba da kwangilar aji ko rumfar kasuwa ko ɗakin taro, ana iya ba maginan gargajiya ko da guda, da sharaɗin su ɗauki yara su koya musu. Malamin makaranta kuma yana iya kai ɗalibansa su ga bakan gizo da idonsu, tun kalmar ba ta koma cikin ƙamus kaɗai ba.

Fadar Vincennes wata shida ta yi, amma hotonta ya cika littattafai, domin masu ita sun san darajar ajiye shaida. Sorayen Matamaye sun yi shekaru aru-aru ana gina irinsu, da yawansu kuwa ko hoto guda ba su da shi. In aka bari magini na ƙarshe ya tafi da abin da ya sani, wata rana jikokin masu zaure za su biya kuɗin mota zuwa Yamai ko Jos, su sayi tikiti, su kalli kwafin abin da yake ƙofar gidansu. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ƙasa tana nan a ramin bayan gari, maginan da suka san sirrinta ba su ƙare ba tukuna, damina kuma ba ta jiran kowa. Allah ya ba da ikon gyarawa.